Bencin Linus

Duk ɗan acaɓan da ya taɓa tura babur a Daura ya san Linus Ikem. Yana saurayi ya zo daga kudu, ya buɗe shagon kayan babur a bakin kasuwa, ya shekara ashirin da shida a wurin, har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Gajere ne, ba ya son magana. Jarinsa na gaskiya kuwa wani dogon benci ne da ya girke a ƙofar shago. Nan 'yan acaɓa ke zubewa su yi ta ƙorafi, wannan yashin ƙauye ya cinye masa sarƙa, wancan fulogin bana ba ya ƙarko. Linus na ciki yana jera kaya, kunnensa na waje. Abin da aka yi kuka da shi yau, kafin sati ya zagayo maganinsa ya iso shagonsa.

Sai ga Alhaji Sharfaddeen, ɗan masu hali, da wayoyi biyu da baki kamar rediyo. Ya lallaɓa wurin mai ginin shagon ya ninka haya don shi ma ya sayar da kayan babur a wurin, aka ba Linus wata guda ya kwashe. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi yi wa Linus ciwo shi ne ranar da ya je roƙon a ƙara masa sati biyu. Ko gaisuwa bai gama ba Alhaji ya ɗaga masa hannu, ya kara waya a kunne, ya sa aka jefa bencin a kwata, wai ba ya son 'yan zaman kashe wando a ƙofarsa. A gaban jama'a fa! Linus ya tsamo abinsa, ya wanke, ya ɗora a amalanke. Ya rantse a ransa sai bencin nan ya koma inda ƙafafunsa huɗu suka yi rami a siminti.

Ya kama wani ɗan akurkin shago a hanyar Zango, 'yan acaɓa suka bi bencinsu. Da mai ya yi tsada, sai hirar ta sauya. Isyaku, wani dattijo a cikinsu, ya ce da kaka ta yi zai rabu da babur ɗinsa ya sayi sabon samfuri mai shan mai kaɗan. Washegari wani ɗan Mai'adua ya faɗi haka. Kafin a yanke gero Linus ya ji maganar a bakin mutum ya fi arba'in. Kayan tsohon samfurin kuwa ko noti ɗaya ba ya shiga sabon.

Ya yi odar kayan sabon a ɓoye, sannan ya bar labari ya bazu cewa ya gaji, zai karyar da tsofaffin kayansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Alhaji da kansa ya zo da mota, yana taku ɗai-ɗai. Linus ya marairaice fuska, ya ce albarka sau biyu don kada a gane, a na uku ya sallama. Alhaji har yana cika baki wai ya sa a kawo masa ƙarin lodin babbar mota daga Kano, daga yau duk mai neman kayan babur sai ya biyo ta hannunsa.

Isyaku na kan benci, tausayi ya kama shi. "Alhaji, da ka ɗan dakata, ai mu nan gaba kaɗan..."

Waya ta yi ƙara. Alhaji ya ɗaga masa hannun nan dai, ya juya baya. Linus da ya zaci asirinsa zai tonu, wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya miƙa wa Isyaku ruwan sanyi.

Kaka ta yi, sababbin babura suka cika gari. Alhaji ya kafa lasifika a ƙofar shago yana kiran masu saye, amma ina, sai ƙuda. Kafin damina ta dawo ya saki shagon, mai ginin kuma ya je hanyar Zango wurin Linus yana sosa ƙeya.

Ranar da Linus ya dawo, ya tarar ana loda kwalayen da ko buɗe su ba a yi ba, har da nasa na da. Alhaji na tsaye a ƙofa, ya rame, wayoyin na aljihu shiru.

"Oga Linus, ka sani ka yi shiru. Wannan ba ciniki ba ne, mugunta ce."

"Mugunta ce, Alhaji, ban musa ba," in ji Linus. "Amma an so a faɗa maka, a kan bencin nan. Kana waya."

Ya kama gefe ɗaya na bencin, Isyaku ya kama ɗayan. Linus ya dubi ƙasa.

"Ɗan matsa, Alhaji. A kan ramin kake tsaye."