Allon Mahaifina a Ƙarƙashin Hayaƙi

Shekarun baya, zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa, layin burodi ya fi sahun masallaci tsawo, muna zaune a Mayo, wata unguwa a hayin birnin Umdurman, ni da mahaifiyata. A bangon ɗakinta akwai allon saukar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da shi ya taso daga ƙasar Hausa, ya rataye shi a duk bukkar da ya zauna a gonakin audugar Jazira. Allon zayyana ne, ado a gefe, ayoyi a tsakiya, can ƙasa kuma addu'a da ajami, duk rubutun hannunsa. Haka aka faɗa mini, domin ni baƙi ƙirin na san allon. Kowace sallah mahaifiyata takan shafe shi da man riɗi don kada katakon ya tsage, kowace Juma'a ta turara shi. Mai ya kama hayaƙi, hayaƙi ya kama ƙura, har ya koma kamar gindin tukunya.

A shekarar da idonta ya fara tafiya, likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, hasken ne ke janyewa. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ina so in ga rubutun babanka sau ɗaya, kafin a rufe."

Ina da aboki da ke aiki a wani ɗakin gyaran tsofaffin zane-zane a Umdurman. Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo da auduga, da tsinke, da 'yar kwalba. Ni da malantata na riga na tanadi sabulu da soso. Ya dube ni ya ce, "Malam, allo ne fa, ba kwanon waken ful ba."

Abin da ke cikin kwalbar mai kauri ne kamar zuma, sunansa tirayitanolamin, sunan da har yau harshena ke tuntuɓe a kansa. Ya ce ruwa ba ya karɓar mai, amma in aka ɗiga wannan kaɗan, sai ruwan ya rungumi man ya ɗago shi tare da dattin. Kuma yana tsayar da kaifin ruwan wuri ɗaya, kada ya yi ƙarfi ya ci launi. Saboda takunkumin da aka sa wa ƙasar an daina kawo shi, ɗan na gindin kwalbar nan shi ne ragowar rabonsa.

Muka zauna a rumfa. Ya naɗa auduga a tsinke, ya fara murzawa a hankali daga gefe. Audugar ta yi baƙi, sai ga ja ya leƙo, sai rawaya, sai kore. Mahaifiyata ta kawo allon dab da fuskarta.

"Jan nan ne," in ji ta. "Da shi ya yi mini alfahari ranar da na tare."

"Hajja, ashe tsohon ya iya neman aure," in ji abokina. Ta kai masa duka da mafici.

Da ya gama gefen, ya sauko kan layin ajamin, ya taɓa wuri kamar faɗin farce. Audugar ta yi baƙi kamar ɗazu. Amma a ƙarƙashi babu komai sai farin katako. Ya ajiye tsinken. Ni ma na gane, don na dafa tawada da hannuna: baƙin hayaƙi ne da ƙaro, an yi ta ne domin a wanke. Launukan sun shige katako sun zauna, rubutun kuwa a sama yake. Hayaƙin da ya rufe shi da hayaƙin da aka yi shi da shi, ruwa ba ya bambanta su.

Mahaifiyata ta ji shirunmu. "Me ya tafi?"

"Kalma ɗaya, Inna."

"Wacce?"

"Ba mu sani ba."

Na ce zan iya rubuta mata addu'a irinta a sabon allo. Ta ce, "Hannunka ai na sani." Sai ta miƙa tafinta, a ba ta audugar a jiƙa mata ta sha, tun da rubutu ne ba a zubarwa.

"Hajja, ki gafarce ni," in ji abokina, "maganin kwalbar nan ba ya shiga ciki."

Duk da haka ya sa mata audugar a tafi, ta daɗe riƙe da ita. Daga baya ta ce a bar sauran yadda yake, audugar kuma a binne ta a wuri mai tsarki. Na binne ta a gindin dogon yaron da ke tsakar gida.

Kafin azumi ya zagayo idon ya rufe. Takan sa a sauko mata da allon, yatsanta ya bi ta kan maiƙon har ya sami ɗan wurin nan da babu komai, ya tsaya.

Ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Allon yana wurina, gefensa tar, tsakiyarsa baƙi. An ce yanzu akwai dabarun da suka fi na da, ban nema ba. Na yi shekaru ina karanta ajamin mutane, na mahaifina ne kaɗai ban karanta ba. Na san yana nan a ƙarƙashi, ban da kalma ɗaya, wadda Allah ya san ta. Wuyar abin ita ce, in na shafi allon, yatsana ma can yake tsayawa.