Kunun Da Ya Fito Ta Hanci

Ni mai mantuwa ce, 'ya'yana ma sun sani, ina iya neman ɗankwali alhali yana kaina. Amma akwai wata safiya guda a wani asibiti nan Zuru, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, wadda ko tsufa ya kwashe mini komai ba zai kwashe ta ba.

Ɗana na biyu da tsagaggen leɓe aka haife shi. Tsagar ba ta tsaya a leɓe ba, ta shige har ganɗa, wato rufin bakinsa na sama a buɗe yake, baki da hanci hanya ɗaya. Mijina soja ne, lokacin yana can kudu wurin aiki, saboda haka wahalar ta faɗo kaina ni da uwar mijin nawa. Yaro ya kasa kama nono, yana ta ramewa a hannuna. Surukata ta sauko daga ƙauyensu na wajen Dabai, ta ce in riƙa tatsa, ita kuma ta zaunar da shi a cinyarta tana ɗiga masa da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, ba ta gajiya. Da ya isa shan kunu, ita ce mai dama masa na dawa, ta tace shi har ya yi laushi. "Maigidana" take kiransa, irin wasan kaka da jika. In ban da Allah da tsohuwar nan, da ban kai ga yaye shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba leɓen ba ne, don na saba da fuskarsa, a wurina ma kyakkyawa ce. Hancin ne. Duk abin da ya sha, sai wani ya dawo ta hanci ya gangaro. A coci haka, a kasuwa haka, mutane su yi ta kallo kamar an kawo wasa. Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru. Wata mai sayar da daddawa ta taɓa tambayata, wai me na kalla lokacin da nake da cikinsa. Na ce mata, "Ke na kalla." Aka yi ta dariya, na wuce da kaina sama, amma da na isa gida kuka na yi. Tun daga nan ba na rabuwa da hankici a soke a zanina. Hannuna ya saba, kafin idon kowa ya kai kan hancin yaron na riga na goge.

Yana cikin shekara ta biyu, ya fara tafiya yana ɓarna, aka yi sanarwa a coci cewa wasu likitoci sun zo gari na 'yan kwanaki, suna ɗinke irin wannan tsaga. Na goya shi na tafi. Mutane maƙil, har daga Wasagu da Bena, ban taɓa sanin muna da yawa haka ba. Aka duba shi, aka ce za a fara ɗinke leɓen, ganɗa kuma sai gaba. Ranar da ta faɗo mana ita ce ranar ƙarshe ta aikinsu, washegari za su kama hanya. Da yamma wata nas ta tara mu iyaye, surukata na gefena, ta ce, "Wanda za a yi wa aiki gobe, daga ya yi barci yau kada ya ƙara cin komai har a gama." Muka ce to. Na kwana da shi a asibitin, tsohuwa ta koma gida.

Da sassafe sai ga ta a bayan mashin, da kwandonta. Yaro kuwa tun da gari ya waye yake tsala ihun yunwa, yana jan rigata. Na miƙa mata shi na ce, "Mama, riƙe mini shi in watsa ruwa. Kin dai ji abin da aka ce, kada ya ci komai." Ta ce, "Na ji, ɗiyata, ai ina wurin." Da na dawo na tarar da shi lafiya lau, ya yi shiru yana wasa da sarƙar wuyanta. Har na ce a raina, kai, kaka daban ce, dubi yadda ta lallashe shi.

Ba a jima ba aka kira mu. A ƙofar ɗakin tiyata nas ɗin jiya ta tambaye ni, "Maman yaro, ya ci wani abu?" Na ce bai ci komai ba. Ta dubi surukata, ita ma ta ce, "Bai ci ba." Likitan da ke sa barci, wani dattijo mai furfura, ya riga ya leƙo yana jira. Nas ta miƙa hannu za ta karɓe shi, shi kuwa ya ƙanƙame wuyana ya fasa kuka, irin kukan da yake yi har ya shiɗe. Ya yi tari, ya yi kakari, sai ga wani abu ja-ja ya ɓullo ta hancinsa.

Ban ma yi tunani ba. Hannuna ya zaro hankici ya nufi fuskarsa, kamar kullum, don kada mutane su gani. Saura ƙiris in share, sai na ji an cafke mini tsintsiyar hannu. Nas ce. Ta ce, "Tsaya." Ta sa yatsa ta lakato abin, ta murza, ta kai hancinta. Sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Wannan ai kunu ne."

Na ce ba kunu ba ne, majina ce, rabonsa da kunu tun jiya da yamma. Ina faɗa ina rantsuwa. Sai na ji muryar surukata daga bayana, a natse, ba ko ɗar: "Kunu ne mana. Ni na ba shi, ya sha kofi guda."

Na juya na ce, "Mama, me kika yi? Ba a gabanki aka hana ba?" Ta buɗe hannu tana mamakina ni ma. Ta ce, "Ci aka hana, ɗiyata. Ko loma ban sa masa a baki ba. Kunu ai sha ake yi."

Dattijon likitan ya matso. Bai ɗaga murya ba, kuma rashin ɗaga muryar ya fi ba ni tsoro. Ya ce in an sa mutum barcin tiyata da abu a cikinsa, abin kan iya tasowa ya gangara huhu, mai barci kuwa ba ya iya tari ya fitar. Ya dubi yaron, ya ce, "Irin wannan ƙaramin, da mun shiga da shi yanzu, ban san abin da zan fito in gaya muku ba." Na dubi hankicin da ke hannuna. Goge ɗaya ya rage, da babu wanda ya gani, da na miƙa ɗana da hannuna. Ban san lokacin da na zauna daɓas a kan siminti ba.

Surukata ba ta yi kuka ba, amma ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Sai cewa take, "Maigidana? Ni da kunu na?" Kunun da ta raya shi da shi ke nan. Ni kuwa da na samu bakina, na zazzaga mata abin da ban taɓa gaya wa babba ba, har sai da nas ta tsawata mini. Ta ce, "Bar tsohuwa. Gaskiyarta, ci na ce." Nan take ta juya wurin sauran iyayen da ke kan benci, tana bin su ɗaya bayan ɗaya: "Ya sha wani abu? Ta sha wani abu?" Sai ga wata mata daga Bena ta sunkuyar da kai. Ta ba 'yarta koko da asuba, ita ma a ganinta ba ta karya doka ba.

Aka ce mu koma mu jira cikinsa ya sauka. In lokaci ya ragu bayan an gama da sauran, za a yi masa, in bai ragu ba, sai dai wani zuwan, wanda ba wanda ya san ranarsa. Wunin nan ban taɓa yin mai tsawonsa ba. Yaro na kukan yunwa, ni ina kirga waɗanda ake shiga da su, rana na ta sauka. Surukata ta ɗauko fulas ɗin kunun daga kwandonta ta tuttular da shi a gindin wata bishiya, ta dawo ta goya shi tana zagaye. Na sayo mata ruwa don in wanke abin da na gaya mata, ta girgiza kai. Ta ce, "Sai maigidana ya sha. Ba ni ci, ba ni sha." Da gangan ta jera kalmomin biyu, tana kallona.

Bayan la'asar sosai, har na fara naɗe kayanmu, nas ta leƙo ta yafito mu. Wannan karon tambaya biyu ta yi, mu ma amsa biyu muka ba ta. Shi ne na ƙarshe da aka ɗinke a zuwan nan.

Ganɗar sai da shekara ta zagayo aka ɗinke masa ita a Sakkwato. Da ya warke, surukata ta dama kunun dawa ta ba shi, ni ina tsaye da hankicina a hannu ina jira. Ya shanye kofi tas, hanci a bushe. Na daɗe ina kallon hankicin nan, na rasa dariya zan yi ko kuka. Yanzu saurayi ne, har gashin baki ya rufe tabon.

Abin da ranar nan ta koya mini biyu ne. In rai ne a tsakani, ba na ƙara cewa "ai an gane", sai na faɗi magana har ƙarshenta, ci daban, sha daban. Sannan na daina gaggawar share abin da nake jin kunyarsa. Na yi kusan shekara biyu ina ɓoye hancin nan daga idon mutane, ashe ranar da dukanmu manya muka ce bai ci komai ba, shi kaɗai ne zai faɗi abin da ke cikin ɗana.