Ɗaurin Mai Bututu

A duk layin kanikawan babur ba wanda bai san Mai Bututu ba, kuma ba wanda ke ƙaunarsa. Sunan ya samo asali ne daga wani bututun ƙarfe, tsawonsa ya kai kafaɗar mutum, da yake zura wa sifana in zai ɗaure notin tayar baya. Sauran kanikawa suna ɗaurewa daidai yadda taya ba za ta yi wasa ba. Shi kuwa sai ya ɗaure da hannu, ya zura bututu, ya hau kai da dukan nauyinsa har ƙarfe ya yi kuka. In ka tambaya, ya ce ranka yake tsarewa. Ƙarya yake yi. So yake duk ranar da tayarka ta yi faci ka zaga gari ka rasa mai kwancewa, ka turo babur da ƙafa har rumfarsa.

Haka kuwa ake yi. Ka iso kana haki, ya bar ka tsaye a rana sai ya gama shan shayinsa, sannan ya ce, "Ina ka je suka kasa? Faɗi sunansu in ji." Sai ka faɗa zai taɓa babur ɗinka.

Ƙanensa, ciki ɗaya, shekara ashirin suna rumfar tare. A gaban masu kawo gyara yake kiransa Hannun Auduga, ya ƙwace sifana daga hannunsa ya ce ya je ya yi shara. Ƙanen bai taɓa tanka masa ba. Mutane suna cewa haƙuri ne. Ni dai shirun nan bai taɓa kwanta mini ba.

Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Mai Bututu. Ashe ciwon shanyewar jiki ne ya taɓa shi. Ya yi sati biyu a asibiti, ya fito yana tafiya garau, magana garau, damtse na ɗagawa. Amma daga wuyan hannun dama zuwa yatsu ba ya jin komai, zafi ko sanyi. Daga shi sai matarsa suka sani. Ya koyi kallon hannun don ya gane ko ya riƙe abu. Tsoro ya cika shi, domin mutumin da bai ajiye aboki ko ɗaya ba, in ya rasa rumfa ba shi da wurin zama sai tsakar gida.

Ƙanen kuwa yana lura. Ya ga sifana ta faɗi sau biyu, ya ga Yaya ya fara tura masa duk aikin tayar baya. Ya jira har ranar da wani mai burodi ya turo babur ɗinsa da tsakar rana, taya a kwance, kwalin burodi a baya.

"Wuri uku na je," in ji mai burodi. "Kowa ya duba sai ya ce ɗaurin Mai Bututu ne, in kai masa kayansa."

Shekara biyu da ɗaurin, ruwa ya shiga, tsatsa ta haɗe noti da ƙarfen taya. Mai Bututu ya yi wa ƙanen alama da haɓa.

Ƙanen ya goge hannu da tsumma a hankali, ya ɗaga murya yadda mai walda da mai faci da ke gefe za su ji. "A'a, Yaya. Ni Hannun Auduga ina zan iya? Ɗaurinka ne. In ka kwance, na bar maka rumfar gaba ɗaya. In ka kasa, ka koma gida ka huta, ka tsufa."

Kafin ka ce kwabo layin ya taru. Ba tausayi ya kawo su ba. Kowa a cikinsu akwai ranar da aka faɗi sunansa a rumfar nan aka yi dariya.

Mai Bututu ya tsuguna. Ya tsiyaya kananzir, ya ƙwanƙwasa noti da guduma don ya ratsa, ya jira. Ya sa sifana, ya zura bututu, ya taka. Ko gezau. Ya hau da ƙafa biyu yana dafe da sirdi, babur ya yi gefe, mai burodi ya rungume kwalinsa.

"A hankali, Baba, jarina ne!"

"Wanda ya ɗaure nan ba ya tsoron Allah," in ji mai faci, aka fashe da dariya.

Ya roƙi mai walda wuta don a gasa notin ya saki, shi da bai taɓa roƙon kowa allura ba. Mai walda ya ce ba zai kunna wuta kusa da tankin mai ba, ko da ubansa ne. Mai Bututu ya sake hawa bututun, ya yi tsalle a kai. Wannan karon abu ya motsa, zuciyarsa ta yi fari, ashe sifana ce ta cinye kafaɗun notin ta zame. Noti ya koma mulmulalle, ba inda sifana za ta kama.

Saura cizal, a sare gefen notin a juya shi da duka. Aikin hannu biyu ne. Bai yarda da hannun dama ya riƙe guduma ba, sai ya damƙa masa cizal, ya ɗauki guduma da hagu. Gumi na shiga idonsa, dariya na shiga kunnensa, ya manta da kallon hannun, ya zuba wa noti ido. Ya doka. Ya doka. Ya yi ta dokawa, yana zagin notin, yana zagin uwar notin. Bai lura dariyar ta ɗauke ba. A duka na wajen ashirin noti ya yi ƙara ya juya.

Ya miƙe yana haki, fuskarsa cike da murna. "Na kwance! Ina mai cewa na tsufa?"

Ƙanen ya matso, ya kama wuyan hannunsa na dama, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Yaya, dubi yatsanka."

Babban yatsan ya dagargaje, farce ya tashi, jini ya gangara har gwiwar hannu yana ɗiga a kan taya. Sau nawa guduma ta sauka a kai, shi kansa bai sani ba.

"Ko uffan bai ce ba," in ji mai walda. "Hannun nan ai ya mutu."

"Da shi yake gyara wa mutane birki?" wani ya tambaya daga baya.

Mai Bututu ya fizge hannunsa ya ɓoye a bayansa. Kunya ta fi masa ciwo, tunda ciwon ma ba ya jin sa. Ya sunkuya zai zare taya, mai burodi ya tare shi. "Bari, Baba, ka gode. Ƙanenka ya ƙarasa."

Ƙanen bai saɓa alkawari ba. Washegari ya kwashe akwatin kayan aikinsa ya tsallaka titi, ya kafa rumfa daidai inda Yaya zai riƙa ganinsa daga safe har yamma. Masu gyara suka bi shi duka.

Mai Bututu ya ci rumfa. Kullum yana fitowa da sassafe, hannu a naɗe da bandeji, ya share ta daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya jera sifanu a kan buhu, ya zauna. A rana ta tara wani baƙo ya tsaya da babur a bakin rumfar. Mai Bututu ya zabura ya miƙe, har yana tuntuɓe da benci, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," kalmar da bai taɓa faɗa wa mai kawo gyara ba.

Baƙon ya leƙa ciki, ya dube shi. "Baba, don Allah ina bakaniken wurin nan ya koma?"

Mai Bututu ya ɗaga hannu ya nuna masa tsallaken titi.