Maganar da na yi a layin niƙa

Shekarun da muka fara zama a unguwar Mayo, tahuna ce jaridarmu, wato injin niƙan da ke bakin 'yar kasuwar unguwa. Da hantsi mata kan jera kwanonin dawa a ƙasa, kowace ta tsuguna kusa da nata. Kafin layi ya zo kanki kin ji wadda ta haihu, da wanda aka sallama daga aikin dako a babbar kasuwar Suk al-Arabi, da motar da ta kife a hanyar Jazira. Ƙarar injin kan sa a yi ta ɗaga murya, don haka ko sirri da ihu ake faɗinsa.

Ni kuwa ina da wani matsayi da ban nema ba. Na yi sakandare a Umdurman kafin aure, ni ke karanta wa mata wasiƙa da takardar asibiti. 'Yar makaranta suke ce mini. In na faɗi abu ya zauna ke nan. Allah ya yafe mini, a lokacin abin yana mini daɗi.

Daura da tahunar, gindin wata darbejiya, akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu a gonakin auduga na Jazira, ta taho birni da jikoki biyu mata, marayu. Godogodo take sayarwa, gero da nono, a babbar ƙwarya da ta rufe da faifai da farin ƙyalle. Ban taɓa ganin ƙuda a kayanta ba. Da ƙwaryar nan take ciyar da yaran, da ita ta sa su makaranta. In na tsaya takan ƙara mini rabin ludayi ta ce, "Sha, 'yata, masu karatu kansu zafi yake yi."

Wata damina 'yar maƙwabciyata ta kwanta da amai da gudawa, aka kai ta asibiti. Washegari a layi ba a da wata hira sai wannan. Wata mai sayar da kisra, wainar dawa mai faɗi, ta ce shekaranjiya ta ga yarinyar tana shan godogodo. Sai goggon yarinyar ta juyo gare ni.

"Ke 'yar makaranta, nono yana kawo wannan ciwo?"

Na ce, "Yana iya kawowa, in ya kwana cikin zafi."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma haka aka koya mana. Abin da ban faɗa ba shi ne, duk makon nan ruwan da mai jaki ke kawo mana a ganga ja-ja yake zuwa, sai na tace shi da gefen mayafi kafin in zuba a randa. Na sani sarai. Layina ne ya zo, na ɗauki kwanona na miƙa.

Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa ta dawo mini har gida da sabon kaya: 'yar makaranta ta ce nonon Inna ne. Na yi ta salati. Na ce gobe zan gyara, goben kuma na ji kunya. Kwana huɗu ina bi ta bayan rumfar mahauta don kada mu haɗa ido, ina hango ta zaune, ƙyallen nan a kan ƙwarya ba wanda ya ɗaga shi.

Ciwon ya shiga gidajen da ba su taɓa shan godogodo ba. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ruwan ganga ne, a riƙa tafasawa. Na tafi tahuna, na tsaya a tsaye, na faɗa da ƙarfi cewa ruwa ne ba nono ba, har mai injin ya leƙo.

Mai kisra ta ce, "Kayya, ke dai tausayi ya yi miki yawa. Ruwa ai kowa ya sha, me ya sa ba kowa ya kwanta ba?"

Goggon yarinyar ta ce, "Jiya nono, yau ruwa. Gobe kuma dawar mai tahuna za ki ce?"

Aka kwashe da dariya, aka koma zancen wani biki. Maganata ta farko sun karɓa ba gardama, ta biyun ko juyowa ba su yi ba.

Na tsallaka na zauna a gaban Inna, a idon kowa, na ce ta zuba mini. Ta zuba, ta ƙara rabin ludayin nan kamar kullum.

"Sha a hankali, 'yata, kada ki kwanta a ce ni ce."

Na ce, "Inna, don Allah ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Sai dai yaran nan ba yafiya suke ci ba."

Kullum ina zuwa in sha, na kai sati uku, ni da wani makaho da labarin bai dama ba. Mutum biyu ba sa riƙe sana'a. Da lokacin tsinkar auduga ya zo, ta cire yaran daga makaranta suka hau babbar mota zuwa Jazira. Babbar jikar ta kawo mini littattafanta, wai in ajiye mata.

Bayan shekara biyu, a layin nan dai, aka kawo labarin rasuwar Inna. Mata suka yi ta "Allah sarki". Mai kisra har da share hawaye, tana cewa tun da aka kafa kasuwar nan ba a yi godogodo irin nata ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke ce fa kika kashe mata kasuwa."

Tun daga ranar, duk wadda ta tambaye ni ciwo sai in ce ta je asibiti, har aka fara cewa girman kai ya kama ni. Littattafan suna nan a ƙasan akwatina. Ba wanda ya zo karɓa.