Malamar da ke Tsintar Marafan Kwalba

Kafin mai gadi ya gama shara, Malama ta riga ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Da kanta take goge tebura, ta jera faranti uku-uku, ta juye marafan kwalbar lemo da ta tsinto a hanya. Mu 'yan ofis dariya muke yi mata, har muka laƙaba mata Malama Marfi. Ita kaɗai ke koyar da kemistiri a makarantarmu. Ba ta da abokin hirar aiki, abincin rana ma a can take ci ita kaɗai.

Na taɓa leƙa ajinta tana koyar da ƙwayoyin zarra masu adadin ilektron iri ɗaya, kowane faranti sinadari guda, kowane marfi ilektron guda. Ɗalibai kuwa, da sun ga alamar tarawa a kan sodiyam sai su ƙara masa marfi.

"Kai, wa ya aike ka?" ta ce wa wani ɗalibi. "Alamar nan rashi take nufi. Cire ɗaya!"

Sodiyam mai sha ɗaya ya koma goma. Fulorin mai tara ya karɓi ɗaya, ya cika goma. Niyon da ma goma gare shi. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ashe duk abu ɗaya ne!"

"Ina! Ku ma riga iri ɗaya kuka sa, ubanku ɗaya ne? Ƙirga furoton, 'yata, shi ke faɗa miki asalin kowa."

Ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba a turo madadinta ba. Shugaban makaranta ya faɗa ƙarara: in babu malami, rufe ɗakin za a yi, a cire darasin.

Malama, ke ce uwar haƙuri. Maigidanki ya rasu, 'ya'yanki suka yi nisa, amma ba ki taɓa barin aji ya zauna haka nan ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Da na tambaye ta wace kyauta take so ranar bankwana, sai ta daɗe tana kallon kujerun ajin.

"Mutum ɗaya kawai, ɗan'uwa," ta ce, "wanda zan miƙa wa makulli."

Wallahi maganar ta sosa mini rai. Ku da kuka zama likitoci da masu haɗa magani a hannunta, haba! Duk cikinku a rasa mai dawowa ya riƙe alli kamar yadda ta riƙe? Ku zo tun tana nan, kada ta kulle ƙofar nan da hannunta.