Gangar Ƙarfen da Ta Tashi Kasuwar Bodinga

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da muka gwada gangar ƙarfe a Bodinga, daminar 1983, ana tsakiyar zafin zaɓe. Lokacin ina mai kula da sito a sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, hedimasta ne ke neman kaya, sakataren ilimi ya amince, ni kuma in sayo, in buga musu lamba, in miƙa.

Wata firamare ce ta nemi kayan badujala don faretin ƴancin kai. Zamani ne na tsuke bakin aljihu, kayan waje sun yi wuya. Sakatare ya ce, "Malam Umaru, ganga guda za a saya, ƙaramar nan mai tsarkiya. Ka tafi da wanda ya san kanta."

Wanda ya san kanta shi ne Malam Tunde, ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar daga Kudu. Mutum ne mai ladabi, maganarsa ma sai ka kasa kunne. An ce ya yi kiɗa a jami'a. Ban tambayi wane iri ba.

A wani shago a Sakkwato muka tarar da guda uku: mai jikin katako, mai jikin tagulla, da mai jikin farin ƙarfe tana sheƙi. Ya juya kowacce, ya duba tsarkiyar wayar da ke ƙasanta, ya ƙwanƙwasa jikin da ɗan yatsa. Ta katako, in ji shi, muryarta taushi gare ta. Ta tagulla tana da daɗi amma ta fi ƙarfin aljihunmu. Da ya zo kan ta ƙarfe sai fuskarsa ta washe.

"Oga, a irin kiɗanmu jita tana ruri kamar injin niƙa. Ta katako nutsewa take yi. Wannan kuwa ko me ake yi sai an ji ta."

Na ce ai abin da fareti ke so ke nan. Muka ɗauko.

Washegari ranar kasuwa ce, makarantar kuma ba ta da nisa da kasuwar. Tunde ya kafa gangar a farfajiya, ya ɗaure fatar tamau, ya kunna rikodarsa don mu ji kiɗan nasu, wanda ya ce sunansa kiɗan ƙarfe mai nauyi. Abin da ya fito ban san da me zan kwatanta shi ba, kamar ana yanka kwano da zarto wani ƙato yana ihu a ciki. Hedimasta ya ce, "Subhanallahi, wanga kiɗi na?"

Bai rufe baki ba Tunde ya sauke sanda, ta sami fata da bakin ƙarfe lokaci guda. Tau! Daga nan ya zuba, tatatata, ba numfashi. Mutumin nan mai sanyi ya runtse ido, kai na kaɗawa, gumi na tsiyaya, kamar wanda iskoki suka hau.

Sai muka ji kasuwa ta ɗauka: "Harbi! Sun fara harbi!" Dama zukata a tsaye suke. Mata suka zubar da ƙoren nono, masu albasa suka bar buhuna, jakuna suka tsinke. Muna tsaye baki buɗe sai ga ƴan sanda uku sun tsallako katanga. Na gabansu, wani sajan, ya ɗana bindiga, ya saita bayan Tunde, yana tsawa. Tunde bai ji ba, hannuwansa sai tashi suke suna sauka.

Ban san lokacin da na faɗa kan Tunde ba. Muka zube tare, ganga ta gangara tana ƙara. Na ɗaga hannu ina cewa, "Ranka shi daɗe, ganga ta! Kayan gwamnati ne!"

Sajan ya taka, ya taɓa ta da takalmi. Ya ce, "Malam, wallahi saura ƙiris in bar uwar yaron ga da kuka."

Tunde ya dubi bakin bindigar, ya zauna a ƙasa.

Sakatare ya sa aka kai mu gaban hakimi muka ba da haƙuri. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo sai wata tsohuwa da ta gurɗe ƙafa. Aka ce in kulle gangar a sito.

Ba ta daɗe a can ba. Da gero ya nuna, wani dattijo daga Mandera ya zo ofis yana neman aron "bindigar nan ta makaranta", don tsuntsayen jan baki sun sauka gonakinsu. Tunde da kansa ya bi shi. An ce ko tsuntsu guda bai ƙara sauka inda yake kiɗa ba. Faretin kuwa da tsofaffin ganguna aka yi shi.

Ku da kuke sayen kaya yanzu, in gwani ya ce muku abu ya fi kyau, ku tambaye shi: ya fi kyau ga wa, kuma a ina za a yi aiki da shi? Tunde gaskiya ya faɗa mini, gangar ta fi kowacce. Sai dai ya zaɓe ta ne don ɗakin rawa a jami'a, mu kuma a bakin kasuwar Bodinga muka kaɗa ta.