Bangon Taimamar Baba

Ko zan manta da komai na zamanmu a unguwar Nima, ban da shekarar da muka raba Baba da ƙarar bututu.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kwantar da shi, ya tafi da bakinsa, sai ido da hannu ɗaya. Ɗakinmu a ƙasan bene yake, bututun bayin mutanen sama kuwa ta jikin bangonmu ya sauko, daidai kan gadonsa. Su kuma Allah Ya yi su da yawa. Duk wanda ya kora ruwa sai ka ji ƙugi kamar mota ta shigo ɗaki, Baba ya zabura. Na hau na yi magana, matar gidan ta ce, "Sista, to mu daina shiga bayi ne?" Na sauko ina huci.

Yayana ya kawo kafinta, aka jera tsofaffin katifun soso a bango, aka rufe da falanki. Gefen gado kaɗai aka bar fili kamar faɗin faranti, don nan Baba ke dafa hannu ya yi taimama, tunda alwala ta gagare shi. Ɗaki ya yi tsit. Har albarka na sa wa kafintan.

Bayan 'yan watanni wari ya fara. Muka ce kwatar unguwa ce. Da ya ƙi tafiya, sai zargi ya koma kan mara lafiya, na yi ta canza masa zani ina kunna turare. Sannan ya daina taimama. In na kai hannunsa bango sai ya fizge, ya kau da kai, hawaye na zuba. Yaya ya ce, "Ƙyale shi, hankalin ne ya fara tafiya." Mutumin da ya tsufa a sahun farko! Maganar ta ƙona min rai, amma na yarda.

Ranar da falankin ya kumbura aka ɓamɓare shi, sai da kafintan ya fita waje ya yi amai. Ashe bututun ya tsage tuntuni. Soson ya sha ƙazanta ya yi baƙi ƙirin, bangon ya jiƙe har filin da muka bari. Ko ɗigo ɗaya ba mu ji ba. Baba kaɗai ya sani, shi da ke taɓawa, ga shi ba baki.

Na samo dutse mai tsabta na ajiye kusa da hannunsa. Ya daɗe yana kallona kafin ya dafa. Bai jima ba ya rasu, yana ta rama sallolinsa da ishara.

Tun daga nan na san wanda ya rasa baki bai rasa hankali ba. In mara lafiya ya ƙi abu, a fara duba abin kafin a zarge shi.